Jakin Baba Dodo da Buhunan Leda

Duk wanda ya zauna Zongo ta Wagadugu kafin a raba sharar gari ga kamfanoni ya san Baba Dodo, in ma bai san shi ba to ya san kukan jakinsa. Ni kam gida ɗaya muke haya da shi. Ɗakinsa ne na bakin ƙofa, nawa na can ƙurya, tandar wainata kuma tana waje daidai inda yake jingine amalankensa. Sunana Huseina, kuma gara in faɗa tun yanzu, ba ni da haƙuri. Shi ne mai haƙurin, har ya yi masa yawa.

Mutumin Dogon Dutsi ne, can Nijar. Ya shigo garin nan yana saurayi a bayan motar albasa, yaron mota ne mai burin zama direba. Wata rana buhu ya zamo daga saman kaya ya same shi a ƙugu, motar ta koma ba tare da shi ba. Da ya warke sai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, tuƙi kuwa ya wuce shi. Ya yi dako, ya yi tallan ruwa, daga baya Allah ya ba shi jaki da amalanke ya shiga kwasar shara. Matarsa ta rasu tun kafin in tare a gidan, 'yarsa guda tana aure a Kumasi. Jakin da na san shi da shi tun yana ɗan aholaki ya saye shi, ya sa masa suna Barliye, sunan babbar motar da ya so ya tuƙa bai samu ba. In ka cire tabarma da buta da akwatin ƙarfe, Barliye ne abin da ya mallaka a duniya, shi ne kuma abokin hirarsa. Sau da yawa ina soya waina ina jin sa yana ba jakin nan labarin hanyar Agadas, jakin na kaɗa kunne.

Aikinsa ba irin na yanzu ba ne. Yana idar da sallar asuba zai ɗaura wa Barliye amalanke ya bi gida-gida, mata su fito masa da shara: toka, ɓawon gyaɗa, kashin awaki, ganyen da aka share, ragowar tuwon da kaji suka ƙi. Ba juji yake kai ta ba. Yakan miƙe hanya har bayan unguwar Tampouy, gonar wani tsohon Bamoshe mai suna Tinga, ya zuba ta tsibi-tsibi ta ruɓe kafin ruwan farko. Tsakaninsu ba ciniki. In kaka ta yi Tinga ya aiko masa da damman gero, kullum kuma ya je ba ya dawowa da amalanke wayam, sai an loda masa kara da harawa. Wato sharar Zongo ta zama gero a cikin Baba Dodo, ta zama harawa a cikin Barliye. Tinga na kiran sa "m zoa", abokina ke nan da Mosanci, shi kuma yana ce masa "mai gona".

Sai leda ta zo. Ba wanda zai ce ga ranar da ta shigo, mun dai farka mun gan ta ko'ina, baƙa, a kan itatuwa, cikin kwata, a hannun kowace mace da ta dawo daga kasuwa. Ni ma da ita nake ƙulla waina, to da me zan ƙulla, da ɗankwalina? Wata shekara tunkiyar Tinga ta mutu, da aka farke ta aka tarar da leda cunkus a tumbinta. Tinga bai yi faɗa ba, ya dai ce: "M zoa, gonata ta fara fitar da abin da ban shuka ba." Daga ranar Baba Dodo ya ɗora wa kansa wani aikin. Kafin ya tafi sai ya juye amalanke a bayan gida ya tsince ledar ɗaya bayan ɗaya, ya kai ta tsohon ramin da ake haƙar ƙasar bulo, inda kowa ke zuba abin da ya ishe shi, ya cinna mata wuta.

Ramin nan, gaskiya, masifa ne. Da damina wari, da rani hayaƙi, yaran da ke kusa da shi kullum tari. Don haka da aka ce a shekarar dubu biyu da biyar hukuma za ta gyara maganar shara, har guɗa na yi. Aka raba gari yanki-yanki, kowane yanki aka ba kamfani, aka ce an haƙa wani makeken rami can bayan gari inda za a riƙa binne komai. Motoci suka zo suka kwashe ramin namu tas. Wannan kam sun kyauta, ba zan ci haƙƙinsu ba.

Wanda kamfanin yankinmu ya sa ya zaga gidaje ɗan unguwa ne, Al'amin, haifaffen nan, ya yi lakwal, wato boko, magidanci mai kunya. Ya iske mu a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaida Baba Dodo, ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya yi magana.

"Baba, daga yanzu sharar yankin nan ta kamfani ce. Duk wanda aka gani da shara a amalanke ba namu ba, za a kama jakin a kai furiyar."

Furiyar gidan da hukuma ke kulle dabbobin da ta kama ne, kuma kowa ya san jakin talaka in ya shiga can da wuya ya fito. Na ga hannun Baba Dodo ya tafi wuyan Barliye.

"Yaro, tokar murhun Huseina ta zama ta kamfani?"

"In ta zuba ta a shara, i, Baba. C'est la loi, doka ce."

"In kuwa ba ta zuba ba, ta miƙo mini da hannunta?"

Al'amin ya sosa ƙeya. Ya ce zai tambayo. Ya tafi ya dawo bayan kwana biyu da fara'arsa, ya ce ya samo hanya. Shara daban, taki daban. Kamfani ba ruwansa da taki. Matuƙar ba leda ko gwangwani a cikin kayan, taki ne, Baba Dodo ya wuce abinsa.

To madalla. Dama tsintar leda aikinsa ne, sai ya ƙara ƙaimi. Ya tsince ta tsaf, ko guntun da bai kai farce ba ba ya bari, don kada wani ya leƙa amalanke ya ce shara ce. Amma ramin da yake ƙonawa an rufe shi. Ranar da ya tara ta a bayan gida ya kunna ashana, sai ga masu duba-gari su biyu a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur. Suka ce an hana ƙona leda, hayaƙinta guba ne, in suka sake ganin wuta shi da jakinsa sai furiyar. Ya tattake wutar da takalminsa yana ba su haƙuri.

Na ce masa ai sai ya ba kamfani, aikinsu ne. Ya cika buhuna ya ajiye a bakin hanya. Masu kwasa suka zo suka ɗauki ta gidajen da suka yi rajista, suka tsallake tasa. Wai wannan ba sharar gida ba ce, ta sana'a ce, ba ta cikin abin da aka ɗauke su su kwasa. Na fito da cokalin waina a hannu na ce: "Kai, ledar nan daga sama ta faɗo? Ba daga gidajen da kuke kwasa ta fito ba?" Suka ce in je in tambayi manya, su an aiko su ne.

Ana haka sai wani labari mai daɗi ya zo. Wai akwai proje, wani shiri na mata, wajen unguwar Kossodo da ke karɓar roba suna niƙawa ana sake yin kaya da ita, har a rediyo ana cewa shara dukiya ce. Baba Dodo bai yarda ya ɗora buhu a amalanke ba, don in an gan shi da leda zalla ai shara ce tsagwaronta. A kai ya ɗauki buhu guda, da ɗingishinsa, ni kuma na rufe tanda na bi shi, don ba ya jin Faransanci. Shugabar matan ta karɓe mu hannu biyu, ta ba mu ruwa. Ta buɗe buhun ta girgiza kai. Ta ce injinsu bokiti da jarka yake ci, roba mai tauri, baƙar leda tana naɗe masa haƙora. Amma ta ce kada ya zubar ko kusa, akwai wani injin yana hanya daga Turai, da ya iso za su karɓe duka.

"Baba, ka adana ta, arziki ce," in ji ta.

Mutumin da aka yi wata da watanni ana ce masa kada ka yi, kada ka yi, yau an samu wanda ya ce masa yi. Ai sai ya riƙe maganar da hannu biyu. Ya dawo da buhunsa a kai, ya jingine shi a bango kusa da turken Barliye, don nan ne kaɗai fili a gidan. Buhu ɗaya ya zama biyar, biyar suka zama abin da ba na iya ƙirgawa. Suka kai tsayin katanga, suka fara leƙa maƙwabta. Rana ta dake su, bakinsu ya fara yagewa, ƙamshin mai da gishiri da romon da ya saura a jikin ledar ya cika tsakar gida. Mutumin da ya shekara talatin yana share Zongo ya wayi gari shi ne mai juji mafi girma a unguwar. Kullum sai mun yi. In ce: "Baba Dodo, wallahi ɓeraye sun fara yi mini sallama." Ya ce: "Yi haƙuri ɗiyata, inji na hanya."

Injin bai iso ba, masu duba-gari ne suka iso. Suka tsaya suna kallon buhunan baki buɗe, suka ce wannan cuta ce a tsakiyar mutane, ya kwashe. Ya ce da me? Suka nuna amalanke. Ya ce in ya ɗora leda a amalanke kamfani zai kama jaki. Suka ce wannan tsakaninsa da kamfani ne. Ya ce to ya ƙona? Suka ce ya kuskura.

Duk da haka yana zuwa gona, Barliye na cin harawarsa. Abin da ya karya shi a kan hanyar Tampouy ya faru. Wani jami'i ya tare shi ya leƙa amalanke ya ce ina za shi da wannan. Ya ce taki ne, gona zai kai. Jami'in ya ce babu wani taki, duk abin da ya fito daga gidajen gari sai babban ramin hukuma, zubawa a gonaki an hana, don ba a san me ke ciki ba. Ya riga ya kama linzamin Barliye. Baba Dodo ya durƙusa a tsakiyar titi, tsoho da furfurarsa, yana roƙo da Hausa da Mosanci da ɗan Zabarmancin da ya sani, har mutane suka taru suka sa baki. Aka sake shi da gargaɗin cewa wannan ne na ƙarshe.

Ya dawo gida. Ya ɗaure Barliye a turke ya ce ba zai sake fita da shi ba sai ya ji magana ɗaya tak daga bakin wanda ya isa. Na raka shi nemanta. Mun shiga biro uku, wato ofisoshi, a gini ɗaya, ba wanda ya wulaƙanta mu, har kujera aka ba shi. Na farko ya ce taki abu ne mai kyau, hukuma ma tana son a ƙarfafa shi. Na biyu ya ce zuba shara a gona laifi ne. Na uku ya ce dukansu suna da gaskiya, ana nan ana nazarin yadda za a daidaita, mu dawo bayan an yi taro. A bakin ƙofa Baba Dodo ya ja mayafina.

"Ɗiyata, fassara mini da kyau. In tafi ko kada in tafi?"

Na ce: "Baba, wallahi na ji kowace kalma, amma ban san me suka ce ba."

Har Al'amin ya zo ya zauna a kan bencina ya dafe kai. Ya ce shi ma ya rasa gane kan abin, yau a ce musu kaza a biro, gobe a ce ba haka ake nufi ba. Ya ce: "Inna, ni na ce masa taki daban. Yadda aka gaya mini, haka na gaya masa." Ban iya yi masa faɗa ba, kuma ni ce fa.

Jaki na ɗaure, ba gona, ba harawa. Ragowar karan da ke kan rumfa ya ƙare. Lokacin bazara ne, ciyawa ta yi wuya, dabbobin kowa sun rame. Baba Dodo ya riƙa bi gidaje yana karɓo dusa da ɓawon wake, ni ina ba shi ruwan tsamin shinkafa, amma wannan ina zai kai wa jakin da ya saba cin dami guda? Barliye ya fara kuka ba lokacin kukansa ba. Ya ci igiyar turkensa, aka canja. Ya kai baki ga tabarmar da na shanya. Babu wanda ya kawo komai a ransa game da buhunan da ke bayansa, mun saba ganin su har mun daina ganin su.

Wata safiya ina haɗa wuta na ji Baba Dodo na salati. Na shigo na tarar da buhunan ƙasa a yage ta gefen bango, inda ido ba ya kaiwa, an cinye cikinsu ya yi rami. Ba aikin rana ɗaya ba ne. Barliye na tsaye kai a ƙasa, ciki ya kumbura, yana harbin cikinsa da ƙafar baya. Muka ɗura masa mai, muka ɗura masa kanwa. Al'amin ya hau mobilet ya ɗauko likitan dabbobi. Likitan ya taɓa cikin, ya sa kunne, ya miƙe yana goge hannu, ya ce hanjin ya toshe, ba abin da allura za ta yi. Ya dubi tulin buhunan ya ce: "Wa ya ce ku ajiye wannan kusa da dabba?"

Bayan azahar Barliye ya kwanta. Baba Dodo ya zauna a ƙasa ya ɗora kan jakin a cinyarsa yana kore masa ƙuda da hularsa, yana ce masa: "Ai don kada su kama ka ne. Ka ji? Don kada su kama ka ne." Kafin la'asar ya cika. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, na yi wa jaki kukan da ban yi wa wasu mutane ba.

Sai kuma maganar gawa. Al'amin ya je ya dawo yana kallon ƙasa, ya ce mushe ba ya cikin aikin kamfani, akwai wani sashe na hukuma da ke kula da wannan, amma sun tashi, sai Litinin. A zafin bazara! Na buɗe baki zan fara, sai muka ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Tinga ne. Ya ga shiru ya yi yawa, damina ta matso gona ba taki, ya ce bari ya zo ya ga ko abokinsa ba lafiya. Amalankensa cike da kara da harawa, tsarabar Barliye.

Ya shigo ya ga abin da ya gani. Ya cire hularsa ya tsaya. Ya dubi buhunan, ya dubi cikin jakin, ya gane. Ya juya ya sauke harawar a tsakar gida, dami bayan dami, ya kira mazan gidan suka kama masa aka ɗora Barliye.

Baba Dodo ya miƙe a firgice. "Mai gona, za su tare ka a hanya. Wannan shara ce ko taki?"

Tinga ya ce: "M zoa, wannan ma'aikacin gonata ne, gida zan kai shi."

Ya binne shi a gefen gonar, ƙarƙashin wata kaɗanya. Baba Dodo bai sake sayen jaki ba. Ya sayar da amalanken, ya koma zama a kan bencina yana miƙa wa masu sayen waina ƙullinsu. Buhunan kuma suna nan, an dai matsar da su bayan ɗakinsa an rufe da tsohon kwano, don har lokacin ba mu samu wanda zai ce ga inda za a kai su ba. Duk wanda ya dawo daga wajen Kossodo sai ya tambaye shi ko ya ji labarin inji.

Da kaka ta yi sai ga Tinga da damman gero kamar kullum, har sun fi na bara. Baba Dodo ya ce bai kai ko kwando ɗaya na taki ba a bana, ba zai karɓi abin da bai yi aikinsa ba. Tinga ya ce ya karɓa, wannan daga gefen kaɗanyar nan aka yanko shi, a duk gonar ba inda gero ya yi tsayi kamar wurin.

Na surfa na yi masa fura da shi, na dama da nono mai kyau na kai masa. Ya karɓi ƙwaryar ya ɗora a gwiwa, ya yi bisimilla, ya ɗaga ludayi har kusa da baki, sai ya tsaya. Ya juya ya dubi turken da har yanzu bai yarda a tuge ba.

"Ɗiyata," ya ce, "duk abin da suka ce in yi na yi. Wanne ne a ciki na yi ba daidai ba?"

Ya mayar da ludayin cikin ƙwarya a hankali, ya rufe ta da faifai.